Direba, jini da asusun ko-ta-kwana: yadda ƙungiyoyin sa-kai ke haɗa hannu don ceton masu haihuwa

Idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa kuma ba a tsayar da shi ba, ma'aikatan lafiya na ƙiyasta cewa awa biyu sun isa a rasa ta. A cikin waɗannan awanni biyu sai an sami wanda ya gane cewa jinin ya wuce na al'ada, sai an sami wanda zai ce a tafi asibiti ba tare da jiran maigida ya dawo daga cin kasuwa ba, sai mota, sai kuɗin mai, sai a tarar da ma'aikaci a bakin aiki, sannan a sami leda ɗaya ko biyu ta jinin da ya dace da nata. Babu wata ƙungiya guda a ƙauye ko unguwa da ke riƙe da waɗannan duka. Direbobi na da mota, amma ba su san wacce ke da tsohon ciki ba. Ungozoma ta san duk mai ciki a garin, amma ba ta da lambar direba ko ɗaya. Matasa na da jini a jika, sai dai ba wanda ya san rukunin jininsu, har su kansu.

Ba ƙarancin ƙungiyoyi ne ke damun Arewa ba. A gunduma guda za ka tarar da ƙungiyar ci gaban gari, da 'yan agajin Izala, da na Fityanul Islam, da na Jama'atu Nasril Islam, da reshen Red Cross, da matan FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da Zumuntar Mata a garuruwan da ke da coci, ga 'yan sintiri, ga tsofaffin ɗalibai, ga reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha. Kowacce na da shugaba da sakatare da ma'aji, wasu har da inifom. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da ke ɗaure su da juna, ta yadda aikin wannan zai ɗora daidai inda na waccan ya tsaya.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya kai wajen mata 82,000 a shekara guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu ta wannan hanya a duniya. Tun a 1994 masana suka karkasa sanadin zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu kusan gaba ɗaya a hannun jama'a suke. Na ukun ma akwai kason jama'a a ciki, domin jinin da asibiti zai ƙara wa mara lafiya daga jikin mutanen gari yake fitowa.

Misalin da ya fi cancanta a yi nazarinsa shi ne shirin jigilar gaggawa da aka yi da direbobin NURTW. Shirin PRRINN-MNCH na rigakafi da lafiyar mata da yara, wanda gwamnatocin Birtaniya da Norway suka ɗauki nauyinsa a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, ya yi aiki da shi sosai, an kuma yi irinsa a Gombe da Adamawa tare da Transaid, ƙungiyar agaji ta Birtaniya mai aiki kan sufuri. Hikimar shirin ita ce bai sayi mota ko ɗaya ba. Ya dubi motocin haya da suka riga suka cika tashoshi, ya nemi reshen ƙungiya ya zaɓo direbobi masu amana, aka koya musu alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mace a kwantar da ita a kujerar baya, aka ba su katin shaida da sitika da littafin da ma'aikacin asibiti zai sa wa hannu duk lokacin da suka kawo mara lafiya. Direba ba ya karɓar kuɗin shata, kuɗin mai kawai ake ba shi. Ladan da ya samu daga ƙungiyarsa shi ne in ya dawo tasha da shaidar ya kai mai naƙuda, a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma ga direban da kan yini yana jiran layinsa ya zo, ya fi masa kowace takardar yabo.

Inda shirin ke fara tsagewa kuwa sananne ne ga duk wanda ya bibiye shi. Na farko, ana zaɓen direbobi a tasha, tasha kuma a hedikwatar ƙaramar hukuma take, alhali mai naƙuda tana ƙauye. Direban da ke kwana a birni sai ya ci kilomita 30 kafin ya iso, sannan ya sake cin 30 ya koma. Don haka tambayar da za a yi wajen zaɓe ba "a wace tasha kake lodi?" ba ce, "a ina motarka ke kwana?" ce. Kuma direba ɗaya bai isa gari ba, domin ranar da ake nemansa yana iya kasancewa a hanyar Kano ko motar na wajen bakanike. Ana so kowane gari ya kasance da aƙalla uku, a jere a takarda: in na farko bai ɗauka ba bayan kira biyu, a wuce na biyu nan take.

Sai abin da direbobi ba sa faɗa a taro amma yake sa su kashe waya da dare. Jini kan ɓata kujera, wanki da sabulu daga aljihunsa. A wasu lokutan ya isa asibiti a ce shi zai yanki kati, saboda waɗanda suka rako ta ba su da ko sisi. Mafi girma shi ne tsoron mace ta cika a cikin motarsa, ya wayi gari yana ba da bayani a ofishin 'yan sanda. Kowanne daga cikin waɗannan yana da magani mai araha. A ajiye babbar leda mai kauri da zani biyu da safar hannu a but ɗin kowace mota. A sa kuɗin wanki cikin kuɗin da asusun ko-ta-kwana na gari ke biya. A kafa doka cewa ba a tashi sai da namiji ɗaya da mace ɗaya daga dangin mara lafiya, kuma direba ba ya biyan komai a asibiti. Sannan hakimi da shugaban tasha su kai wa baturen 'yan sanda na yankin jerin sunayen direbobin da lambobin motocinsu, ya sa hannu, a ba kowane direba kwafi ya ajiye a mota. Wannan takardar ce ke rage tsaiko a shingen hanya da tsakar dare. Ga kuma matsalar canjin shugabanci: duk lokacin da aka yi sabon shugaban reshe, alkawarin lodi ba layi yakan mutu in ba a rubuce yake cikin dokokin tasha ba, 'yan kamasho su ce ba su san zancen ba.

A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kamar sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, lissafin ya canja gaba ɗaya. Ba direban da za a tilasta wa fita da dare, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, duk tsarin da ya dogara da kira kawai ya tsaya cak. A irin waɗannan wurare aikin haɗin gwiwar ya koma na riga-kafi: duk matar da awo ya nuna tana da hawan jini, ko tagwaye, ko an taɓa yi mata tiyata, ko cikin fari ne ga yarinya ƙarama, a kai ta gidan dangi kusa da asibiti tun cikin na wata takwas da rabi. Ƙungiyoyin mata na birni su ne suka fi dacewa da nemo gidajen da za su sauki irin waɗannan baƙi.

Mota ba ta da amfani in ba a kira ta da wuri ba, a nan ne aikin mata yake. Ungozoma da matan Islamiyya da 'yan adashi su ne ke shiga ɗaki. Abin da ake so su riƙe a ka bai da yawa: zubar jini kafin haihuwa ko bayanta, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan minti 30, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Ko ɗaya aka gani, a kira direba. Abin da ke hana hakan sau da yawa ba jahilci ba ne, rashin izini ne. Shi ya sa a garuruwan da shirin ya yi ƙarfi aka riƙa neman maigida ya ba da izini tun ciki na ƙarami, a gaban liman ko mai unguwa, cewa in abu ya taso ba ya nan a tafi da iyalinsa. Limamai kan yi wannan bayani a huɗuba da wajen ɗaurin aure, kuma maganarsu ta fi ta kowane ma'aikacin lafiya shiga. Dole kuma a kula da ungozoma. In aka mayar da ita abokiyar gaba, aka hana ta ɗan abin da take samu ranar suna, za ta riƙe mace a ɗaki har gari ya waye. In aka bar mata goronta, aka kuma karrama ta a matsayin mai rakiya zuwa asibiti, ita ce za ta fara buga waya.

Yanzu ga batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ke yanke wa kowane haɗin gwiwa hukuncin rayuwa ko mutuwa. Ƙaramar mota a hanyar burji za ta sha lita 7 zuwa 8 a tafiyar kilomita 60, zuwa da dawowa. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, wato wajen naira 1,500 sun kai mace asibiti. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, tafiyar ta koma wajen naira 8,000. Duk asusun da aka tsara karo-karonsa da tsohon farashi kuma ba a sake zama a kansa ba ya ƙare tun tuni, kuma direbobi da yawa sun janye ba tare da sun ce uffan ba. Saboda haka ya fi kyau a ƙayyade kuɗin tafiya da lita maimakon naira: daga gari kaza zuwa asibiti kaza lita 8 ne, a biya da farashin ranar.

A ɗauka gari na da gidaje 150, kowane gida na zuba naira 300 a wata. An tara naira 45,000 ke nan, wanda a farashin ƙarshen 2024 ya isa tafiya huɗu ko biyar da kuɗin kati. Asusun bashi yake bayarwa, ba kyauta ba, a biya cikin wata biyu ko uku ba tare da ƙarin ko kwabo ba, manomi kuma a yarda ya biya da hatsi da kaka. Wanda aka tabbatar ba shi da hali, kwamitin zakka na masallaci ko wani mai hannu da shuni ya biya masa a cikin asusun, kada a yafe kawai, domin yafiya uku ko huɗu sun isa su karya shi. Wajibi ne wani kaso, misali kuɗin tafiya biyu, ya kasance tsaba a hannun mutumin da ke kwana a garin. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna wa kowa cewa kuɗin da ke banki ba ya sayen mai a wajen ɗan bumburutu da ƙarfe biyu na dare. Sauran a ajiye a banki da sa hannun mutum biyu daga ƙungiyoyi biyu daban. Kuma a karanta littafin shige da fice a bainar jama'a kowane wata, ko da ba a kashe komai ba. Yawancin asusun da suka rushe ba sata ce ta rushe su ba. Ma'aji ne ya ara wa ɗan'uwansa don biki ko sayen taki da niyyar mayarwa, rana ta ɓaci akwati babu kome, daga nan kowa ya daina zubi.

Jini yana da nasa ƙa'idodin da ba a yi musu kwaskwarima. Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 da 65, nauyinsa ya kai kilo 50, lafiyarsa ƙalau. Ana ɗibar kimanin mililita 450, namiji kuma ya huta wata uku kafin ya sake bayarwa, mace wata huɗu. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. A firjin ma'ajiyar jini mai sanyin digiri 2 zuwa 6 leda kan yi kwana 35. Wannan na ƙarshen ne ke bayyana kuskuren da ƙungiyoyin matasa ke yawan yi: su shirya gagarumin gangami ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, su tara leda masu yawa a asibitin da ba shi da tsayayyiyar wuta, bayan wata guda wasu sun lalace, sauran shekara kuma babu komai. Ga ƙaramin asibitin karkara, rajistar mutane ta fi tarin leda. A gwada rukunin jinin masu sa-kai 40 ko 50 tun da sauran lafiya, a rubuta sunan kowa da rukuninsa da lambarsa da unguwarsa da ranar da ya bayar na ƙarshe. Masu rukunin jini na O negetif kaɗan ne ƙwarai, a keɓe sunayensu, kada a ɗebi jininsu a gangami don kawai a cika adadi. In mota za ta tashi da mai zubar jini, mutum biyu daga rajistar su shiga ko su bi a babur, maimakon a isa a fara neman dangi, ko a faɗa hannun masu sayar da jini da ke shawagi a bakin ƙofa. Sakamakon gwaji kuwa sirrin mai shi ne, tsakaninsa da ma'aikacin ɗakin gwaji. Rana ɗaya aka ji a majalisa cewa wane an ƙi karɓar jininsa, rabin matasan garin ba za su sake miƙa hannu ba.

Duk waɗannan sassa na buƙatar wurin haɗuwa, kuma ba sai an ƙirƙiri sabuwar ƙungiya ba. Kwamitin ci gaban gunduma, wanda tsarin kiwon lafiya a matakin farko ya tanada a kowace gunduma, don wannan aka yi shi. A ƙarƙashin asusun kiwon lafiya da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, shugaban kwamitin na cikin masu sa hannu a asusun asibitin gunduma, wanda ya ba shi ƙarfin tambayar dalilin da ya sa ba kowa a ɗakin haihuwa da dare. Damuwar ita ce a wurare da yawa kansila ne ke cika kwamitin da yaransa, mata kuma a rubuta sunayensu don cika ƙa'ida ba tare da sun taɓa halartar zama ba. Kwamitin da ba shi da wakilin tasha, da ungozoma, da wakilin masu ba da jini, da ma'aikacin asibitin kansa, suna kawai ya tara.

Zaman wata-wata bai kamata ya wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma abin tattaunawarsa ɗaya ne: a ɗauki kowace tafiya da aka yi a watan a bi ta daki-daki. Ƙarfe nawa aka ga alama, ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa mota ta zo, ƙarfe nawa aka isa, ƙarfe nawa aka fara duba ta. Tazarar da ta fi tsawo ita ce aikin watan gaba. In an yi rashi, a yi wannan bitar bayan an share makoki, ba tare da nuna yatsa ba, domin da zarar zaman ya zama kotu kowa zai fara ɓoye gaskiyar lokaci.

Akwai kishi tsakanin ƙungiyoyi, kuma rufe ido a kansa ba ya kawar da shi. 'Yan agajin wannan masallaci ba sa son a ce suna ƙarƙashin na wancan, kowa kuma na son tambarinsa ya fito a hoton da za a sa a Facebook. Abin da ke aiki shi ne a raba aiki da kwana ko da nau'i, ba da aƙida ba: wannan mako ku ne masu jiran kira, mako mai zuwa su ne, ku riƙe rajistar jini, su riƙe akwatin kuɗi. Takardar yarjejeniya shafi biyu, da sa hannun shugabanni a gaban dagaci, ta wadatar. Rajista da sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma ta isa a farko. Zuwa hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi da naɗa amintattu da buga sanarwa a jarida sai in ana shirin karɓar tallafi mai yawa daga waje. Hoton mara lafiya kuwa kada a saka shi ko da an ceto ta, sai da yardarta ita kanta. Zauren WhatsApp ma yana da nasa illar: gaisuwar Juma'a da tallan siyasa su binne kiran gaggawa, ko a yi ta tura neman jinin da aka riga aka samu kwana uku da suka wuce. A ware zaure guda na gaggawa kawai, kowane saƙo ya ƙunshi asibiti, rukunin jini, yawan leda, lambar kira da lokaci, wanda ya tura kuma shi zai dawo ya rubuta an samu.

Batun alawus ya fi kowanne sarƙaƙiya. Yaƙi da shan inna ya nuna ƙarfin masu sa-kai: dubban matan da UNICEF ta fara ɗauka daga 2012 suna bin gida-gida na cikin dalilan da suka sa aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Amma shirye-shiryen masu ba da tallafi sun kuma saba wa mutane da kuɗin zama da kuɗin mota, har ta kai wasu ba sa zuwa taro sai sun ji za a raba kuɗi a ambulan. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, a farkon 2025, ayyukan da aka gina a kan alawus kaɗai su ne suka fara durƙushewa. Gayya ta gargajiya ba a biyan kowa lada, amma mai gona shi ke kawo fura da tuwo, ba a ce ɗan gayya ya zo da abincinsa ba. Haka ya kamata a ɗauki mai sa-kai: ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa, amma katin waya da kuɗin babur da man mota su fito daga asusun jama'a. Wanda ake bari yana ciro waɗannan daga aljihunsa zai jure wata shida, ko shekara, sannan ya ɓace.

Masu sa-kai suna tafiya ko da an kyautata musu. Saurayi ya sami gurbin karatu, budurwa ta yi aure a wani gari, direba ya sayar da mota, da rani kuma rabin majiya ƙarfin gari sun tafi ci-rani. Shi ya sa rajista ke tsufa da sauri fiye da yadda ake zato. A yi kwafinta uku, ɗaya a asibiti, ɗaya a tasha, ɗaya a gidan mai unguwa, a kuma rubuta lambobin direbobi da manyan baƙi a bangon masallaci da ƙofar asibiti da cikin katin awon kowace mai ciki. Duk bayan wata uku mutum biyu su zauna su kira kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, su soke wadda ba ta shiga, su cike gurbin kafin damina ta faɗi hanya ta yanke.